Malam Datti, Wanda Ya Ƙi Rubuta Takardar Ban Haƙuri

Da an idar da sallar asuba, Malam Datti zai ɗaure littattafansa a bayan keke, ya bi bakin kanal, wato hanyar ruwan noman rani, daga Kura zuwa sakandaren da yake koyar da Hausa. Masu ban-ruwan tumatir da wucewarsa suke gane lokaci. Watan jiya ya yi ritaya, ba taro, ba jawabi.

Mu da muka zauna a ajinsa mun san dalili. Ya taɓa rubuta mana wasan kwaikwayo a kan wani ƙagaggen gari, inda shugaba ya toshe ruwa, ya sa aka rubuta a kowane bango: "Ƙishirwa ni'ima ce. Mai shiru shi ne mai 'yanci." Mutane suka yi ta maimaitawa, har uwa ta ji ɗanta yana kukan ƙishi ta ce masa ya gode.

A wannan shekarar, ruwa ya yanke a kanal, tumatir ya ƙone a gonaki. Ranar da muka nuna wasan, akwai wani ɗan siyasa a sahun gaba, wanda fastocinsa suka cika gari da "Manoma sun ji daɗi." Manoma suka fara dariya, can kuma suka yi tsit.

Washegari shugaban makaranta ya kira Malam Datti. "Malam, rubuta takardar ban haƙuri, ka ce kuskure ne."

"Ranka ya daɗe, ban kama sunan kowa ba. In na ce kuskure ne, da wane baki zan shiga aji?"

Aka tura shi wani ƙauye mai nisa, shekara goma sha biyu. Yana can matarsa Asta ta rasu. Kafin ya iso an kai ta makwancinta.

Na je gaishe shi makon jiya. Idonsa ya yi rauni, sai da muryata ya gane ni. Na ce, "Malam, ka yi nadama?"

Ya ce, "Asta ce da kanta ta ce kada in rubuta takardar ban haƙurin, Muhsina. Na so dai a ce ina kusa."

Malam, kai ne ka koya mana mu tsaya mu tambayi magana mai daɗi ina ta dosa. Mun yi shiru lokacin da aka ɗauke ka, ka yafe mana. Mun gode. Allah ya jiƙan Inna Asta.

Malamai, ku yi koyi da shi. Ɗalibansa kuma, gidan yana nan bayan kasuwa. Ku je tun yana iya gane muryoyinku.