Tokar Koko da Man Kaɗe

Gidan hayarmu na unguwar Dichemso a Kumasi ɗaki goma sha ɗaya ne kewaye da tsakar gida guda, kuma kafin azumin 1969 ba ka shimfiɗa tabarma a nan ba ka taka ƙafar ɗan wani ba. Da an idar da sallar isha'i, mu yara sai gindin murhun Kaka Azara, mahaifiyar babana, mai dafa sabulun salo. 'Yar ƙabilar Dagomba ce, 'yar ƙasa, Hausarta ta Zango, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ba ta san zaman banza ba. Tana tatsuniya tana ƙona kwasfar koko da ɓawon agade don tokar gobe, mu kuwa muna shan hayaƙi muna hawaye, ba mai tashi.

Cikin azumin nan aka yi shela a rediyo cewa duk wanda ba ɗan ƙasa ba, in ba shi da takardar zama, ya fice cikin mako biyu. Kafin Salla ɗaki takwas sun rufe. Kakana na wajen uwa Bazabarme ne mai sayar da goro, ya tsufa a Kumasi har idonsa ya soma tafiya. Innata Ramatu a Kumasi aka haife ta, amma a ɗaki, ba wanda ya taɓa rubuta ta a ko'ina. Ta ce ba za ta bar tsoho ya hau babbar mota shi kaɗai ba, za ta kai shi garinsu Dosso ta juyo bayan Salla. Babana yana aiki a mahaƙar zinariya, sai wata-wata muke ganinsa. Aka bar ni da Kaka, ina da shekara tara.

Salla ta zo ta wuce, Inna shiru. Tsakar gidan nan ya yi mana yawa. In na yi tari sai in ji bango ya maido mini.

Ƙa'idar Kaka a sabulu ita ce hannun da ya fara tuƙi shi zai gama, ba a musanya, kuma shekara goma hannun Inna ne. Da tulin toka ya taru ba yadda za a yi, Kaka ta tace ruwan toka, ta narka man kaɗe, ta miƙa mini muciya. Na tuƙa har kafaɗata ta mutu, na ajiye don in huta. Da aka sauke tukunya, mai ya taso sama yana ƙyalli, ruwan toka ya kwanta ƙasa, kowa ya kama gabansa. Kaka ta duba, ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Da yammacin ranar, ni kaɗai ce a gaban murhu. Kaka ta ce tatsuniya ta iso ƙofa, na ce ta shigo, muryata ɗaya tal inda a da muke amsawa mu kusan ashirin.

Wai an yi wani sarki da hayaniyar kasuwa ta ishe shi, ya ce komai na garin a raba shi, kowane abu ya koma wurin danginsa. Dogarai suka bi gida-gida har suka iso bukkar wata tsohuwa mai ƙwarya uku. Ta farko gero ne da yashi ya shiga. Suka sa ta sheƙe, ta rairaye, gero gefe, yashi gefe, kafin azahar an gama. Ta biyu ɗan zoben zinariya ne. Suka kai wa maƙeri ya narka, ya daka, ya sake narkawa, ba abin da ya fito sai zinariya, suka bar mata kayanta. Ta uku curin sabulu ne. Suka ce ta fitar da toka ta koma wurin itace, mai ya koma wurin kaɗanya. Tsohuwa ta miƙa musu ta ce su gwada. Suka yanka, sabulu ne. Suka jiƙa, kumfa ce. Suka kai wa sarki, shi ma ya murza har hannunsa ya fita fes, ya ji kunya ya janye dokarsa.

Kaka ta rufe tatsuniya tana jiran in yi dariya. Ni kuwa abin da ke cina daban ne. Na ce, "Kaka, Inna gero ce ko sabulu?"

Ta tura itace cikin wuta. "Uwanka sabulu ne, ya kama," in ji ta. "Shekara goma a tukunya ɗaya da mu. Ba dogarin da zai fitar da shi. Kwanta, kai."

Da wannan maganar na rayu shekara guda. Duk Juma'a in na taso makaranta sai in bi ta bakin titin Tafo, inda motocin arewa ke shigowa, in tsaya ina duban fuskokin mata. Tatsuniyar nan kuwa kusan kullum ita nake roƙo, Kaka tana maimaitawa, tana ƙara wa sarkin wauta don in saki fuska. A ƙarshen 1970 wani direba ya kawo saƙon baka: tsoho ya rasu, Ramatu na gaishe mu, hanya ba ta buɗe ba tukuna. Daga nan Kaka ta daina yarda da wannan tatsuniyar, sai ta ce ta manta ta.

Na girma na zama malamar kimiyyar sinadarai, kuma duk shekara darasin farko shi ne raba kayan duniya gida uku. Akwai tsantsar sinadari, kamar zinariya, wanda ba abin da za ka fitar daga cikinsa sai shi. Akwai gauraye, kamar gero da yashi, da faifai ma ke raba su. Akwai haɗaɗɗen sinadari, inda abubuwa suka kama juna suka zama sabon abu. Kaka, tsohuwar da ba ta san harafi ba, ta riga littafi gaya mini wannan. Amma littafin ya ƙara abin da ta ɓoye: haɗaɗɗen ma ana raba shi, ƙarfin da ake bukata ne kawai ya fi na hannu. Na daɗe ina jin haushinta. Yanzu na san ba ta da abin ba yarinya a ranar sai wannan, kuma ita ma kewa ce ke damunta.

Ina da shekara ashirin da biyu na je Dosso. Inna ta sake aure, 'ya'ya huɗu. Ta rungume ni ta yi kuka, aka yanka kaza, sannan muka zauna muna neman abin cewa. Da za ta zuba miya ta ɗaga ludayi, ta dube ni da fara'ar wadda ta tuno wani abu nawa. "Har yanzu ba kya cin kuɓewa, ko?"

'Yar autarta ta ce, "Inna, ai ni ce ba na ci."

Inna ta tsaya da ludayi a hannu. Na miƙa kwanona na ce ta zuba mini da yawa.