Nedyalka Mai Bin Waya

Ranar da aka ce za a rufe gadar ƙauyenmu, ko ruwa kasa sha na yi. Sau uku a mako nake kai matata Velika wankin ƙoda a birnin Lovech. Ta kan gada minti ashirin ne. In an rufe, sai mu zagaya ta bayan dutse, awa biyu cur, kuma jikinta ba zai ɗauka ba.

Gadar ta tsufa, shi ya sa aka manna mata na'urori huɗu masu auna girgiza, kowacce da wayarta zuwa wani akwati a bakin kogi. Shekara guda lafiya lau. Ƙarshen Maris sai ɗaya ta haukace, zanenta a kwamfuta ya koma kamar tonon kaza. Injiniyan birni, ko tashi daga kujera bai yi ba, ya ce gada ta tsage.

Kafin a sa hannu a takardar rufe gadar aka turo Nedyalka ta duba. Shekara talatin ta yi tana sauraron injunan masaƙa, da masaƙar ta mutu ta koma gadoji. Gajeriya ce, tabarau ɗaure da igiya, burodi da cuku a jaka ɗaya da kayan aiki. Gaskiya da na gan ta ban sa rai za ta iya komai ba.

Ta buɗe akwati ta sauya wa wayoyin gurbi. Haukan ya bi wayarsa.

"Akwati dai lafiyarsa ƙalau," ta ce. Ta juyo gare ni. "Baba Paraskev, waccan akwalar motar taka ce? Haye da ita mu gani, in za ta tashi."

Na haye. Zane huɗun suka tashi tare, suka kwanta tare. Can iska ta kaɗa, sai ɗayar nan kaɗai ta hau bori.

"Ka gani? Gada in ta tsage ba za ta gaya wa ɗaya ta ɓoye wa uku ba."

Ta kama wayar da hannu ta bi ta taku-taku, har gindin bishiyar tuffa da ke bakin gada. Farkon Maris kowa a nan yakan ɗaura zare ja da fari a hannu don neman lafiya, ranar da ya ga shamuwa ya kwance ya ɗaura a reshe mai fure. Wayar ta ratsa ta cikin rassan, mu kuwa mun haɗa reshe da waya mun ƙulle. Duk sanda iska ta kaɗa reshe, sai ya fizgi waya.

"Wannan kuma wa ya yi shi? Ƙulli uku, sai ka ce mai ɗaure bijimi!"

"Na Velika ne," na ce. "Ni na ɗaura."

Kunya ta kama ni, na miƙa mata wuƙa.

"Mayar da abarka. Ni ba na yanka lafiyar mutane."

Zare arba'in da bakwai na ƙirga. Da farce ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, yatsunta sun yi jawur don sanyi, ta mayar da kowanne kan reshensa. Ni dai tsaye nake baki buɗe. Ban taɓa ganin haƙuri irin wannan ba. Ta ɗaure wayar a jikin ƙarfe, iska ta sake kaɗawa, zane ko motsi bai yi ba. Sannan ta buga wa injiniyan birni waya, bakinta cike da burodi, ta ce gada lafiyarta ƙalau.

Washegari muka haye da Velika. Ta leƙa ta taga ta ce, "Ga zarena can, yana nan."

Na rage gudu don ta gan shi da kyau.