Ƙwallon Dabinon Baba Ɗanjuma

Ku da kuka zauna da Baba Ɗanjuma a unguwar Utaiƙa, nan ƙasar Larabawa inda muke ci-rani, kun san ba ya yar da ƙwallon dabino. Ya tsotse, ya goge da bakin riga, ya jefa a gwangwanin madara. Da su muke buga foka, wasan katin Turawa, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don kuɗi ba sa hawa tabarmarsa. "Caca haramun ce," in ji shi, "wannan kuwa wasa ƙwaƙwalwa ne. Yalla, a raba kati!"

Wurin wani Bature da ya yi wa tuƙi ya koyo ta, ya raɗa wa komai suna. Kati biyu masu lamba ɗaya, tagwaye. Uku, 'yan uku. Biyar masu zane iri ɗaya, anko. Anko ta doke 'yan uku, in kuma hannunka ba kyau ka kife katinka ka yi shiru. Duk ya koya mini, ban da burga, wato ka riƙe tarkace amma ka daure fuska har kowa ya tsorata ya kife.

Shekara shida ina zuba masa shayi, sai ga Nura, wani sabon direba da ko iƙamarsa, takardar izinin zama, ba ta fito ba. Sati biyu kacal, wai har an zaunar da shi a hannun dama, ana ja da shi gefe ana koya masa burga a gaban madubi! Wallahi kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba.

Na ce, "Baba, ni fa?"

"Kai, Sabo? Jiya da anko ta zo maka, kunnuwanka har rawa suke."

Na sayo baƙin tabarau, na naɗe kai da rawani. Aka raba, na samu 'yan uku, kafin in yi tari kowa ya kife.

"Yanzu kuma me ya tona ni?"

"Babban yatsan ƙafarka. Sai ka sayo masa hula."

Ban daddara ba. Na shiga kasuwa na sayi kilo guda na dabino, na cinye ni kaɗai don in kai masa ƙwallayen ya san wa ke ƙaunarsa. Kwana biyu cikina yana kuka. Ya ɗaga ɗaya ya duba a haske, ya ce, "Ba a tsotse da kyau ba. Almubazzari!" Ya miƙa wa Nura ya wanke.

Sai da ciwo ya kwantar da shi na gane. Duk sanda 'yarsa Hadiza ta kira ta bidiyo daga Kano, Nura ne ke riƙe wayar, fuska fayau: "Baba ya fita aiki, lafiyarsa ƙalau." Tana da tsohon ciki, ba ya so hankalinta ya tashi. Ni kuwa ana jin ƙarar waya sai a kore ni waje, in tsaya a bakin ƙofa ina cika ina batsewa.

Ranar da muka je duba shi a asibiti ta ƙarshe, ya sa Nura ya fita, ya damƙa mini wayar.

"Ta haihu, shi ke nan, aikin Nura ya ƙare. In na tafi kai za ka kira ta."

"Baba, ban iya ba."

"Shi ya sa. Tana ganin fuskarka za ta sani, ba sai kowa ya wahala ba."

Haka kuwa aka yi. Ko sallama ban ƙarasa ba ta ce, "Innalillahi."

Katin yana wurin Nura, kuma har gobe abin yana ɗan sosa mini rai. Gwangwanin yana wurina. Allah Ya jiƙan Baba Ɗanjuma, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya jikan da bai samu ɗauka ba. Amin.