Ranar da Aka Yi Dakon Kafinta Cikin Durowa

A layin masu gyaran babura akwai wani kafinta da kowa ke kira Gobe, domin amsar da duk mai binsa bashi ke samu ke nan. Aikin hannunsa ba shi da makusa, kujerar da ya haɗa sai dai a gaji da ita a kyautar. Amma kuɗi na shiga aljihunsa sai su fara yi masa ƙaiƙayi. Ya sayi ƙatuwar rediyo, ya sayi takalmin da ya yi masa yawa don kawai an yi masa ragi. Mai katako na binsa, mai ƙusa na binsa, mai gidan haya kuwa ya daina amsa gaisuwarsa.

Da farko ya gwada cin bashi don biyan bashi. Ya karɓo rance mai ruwa ya toshe bakin mai ƙusa, kafin ya ankara ruwan ya fi uwar kuɗin ƙiba. Daga nan ya koma ɓuya.

Wata safiya ya hango mai katako tafe, fuska a murtuke. Gobe ya yi wuf ya faɗa cikin sabuwar durowar kaya da wata malamar asibiti ta ba shi aiki, ya ja ƙofa. Mai katako ya yi sallama, shiru. Ya zagaya durowar, ya ƙwanƙwasa ta.

"Katakona ne," in ji shi. "Tunda mai shi ya gudu, da ita zan tafi."

Ya kira 'yan dako biyu, suka ɗaure ta da igiya, suka ɗora a amalanke.

"Kai, wannan icce akwai nauyi!" in ji ɗayansu yana nishi.

Duk ramin da suka faɗa, goshin Gobe ne ya biya. Ya daure har suka isa shagon mai katako. Can ƙura ta shiga hancinsa, ya saki atishawa. 'Yan dako suka watse, ɗaya har da barin takalmi. Mai katako ya kwance igiya, ya buɗe, suka yi ido huɗu.

"Ina kwana, yaya," in ji Gobe. "Dama wurinka zan zo."

Mai katako ya yi dariya har sai da ya nemi wurin zama. Da ya huce ya ce, "Kai ƙanena, ni ba kanka nake so ba. Me za ka iya bayarwa duk mako, tsakaninka da Allah?"

Gobe bai taɓa sanin ana yi wa mai bashi irin wannan tambaya ba. Ya faɗi ɗan abin da zai iya. Suka daidaita: rabi a biya kaɗan-kaɗan, rabi ya yi wa shagon kantoci. A makon ya sayar da rediyo ya rage rancen mai ruwa, wanda shi ne ya fi cinsa. Ya tafi wurin mai gidan haya da ƙafarsa, shi ma mai gidan ya yarda da biyan kaɗan-kaɗan, bayan faɗan da ya kai su har azahar.

'Yan dakon ne kawai suka ƙi sulhu. Da suka dawo suka mayar wa Gobe durowar, sai suka ce kuɗin kaya daban, na fasinja daban, kuma a take suke so.