Famfon Kaka Mai Jan Kai

Jiya na bi ta bayan wani gida, sai hancina ya kama ƙamshin tsiron dawa da aka shanya a rana. Na tsaya cak a bakin hanya kamar wadda aka kira. In ba ka taɓa jin wannan ƙamshi ba, da wuya in iya kwatanta maka shi. Ga zaƙi, ga ɗanye-ɗanye, kamar gona bayan ruwan fari. Ni dai duk inda na ji shi, unguwar Limawa nake komawa, gidan hayarmu na Dutse, in ga kakata a durƙushe tana baza tsiro a kan buhu.

Mu mutanen Filato ne. Aikin gwamnati ne ya kawo babanmu Dutse lokacin da aka yi sabuwar jiha. Kaka, wato uwar babanmu, ta biyo mu ne don ta taya mamanmu jego, da niyyar ta koma in jariri ya yi ƙwari. Da ta ga duwatsun da suka kewaye garin sai ta ce ashe nan ma akwai abin kallo. Ta yarda ta zauna, amma da sharaɗi: ba za ta wuni tana kallon bango ba, a bar ta ta yi burukutunta. Babanmu dattijon coci ne, ko ɗigo ba ya sha, amma wa zai hana uwarsa? Ya ba ta lungun bayan gida, ya kau da kai.

Ni kuwa 'yar Kaka ce. A tabarmarta nake kwana, ita ke yi mini kitso, ita ke ɓoye mini ruwan tsiro mai zaƙi kafin ya tashi ya zama giya. Na san aikin tun ban san karatu ba: a jiƙa dawa, a rufe ta ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a zuba a babbar randar da aka binne gindinta a ƙasa. Ranar Asabar mutanen wajenmu su zo, ɗan sanda, malamin makaranta, direbobi, su zauna a kan benci suna hira da yarenmu har sai sun manta a ina suke.

Doka ɗaya gare ta. Hannun kowa ba ya shiga randarta sai nata. Ta ce baƙon hannu tsami yake sa wa giya, kuma ba ka isa ka yi mata gardama a kan wannan ba.

Wata damina kafaɗarta ta dama ta riƙe. Randar mai zurfi ce, sai ta sunkuya har hammata kafin ta ɗebo da ƙwarya. Na ga ta ɗago ƙwaryar, hannun ya saki, giya ta zube mata a zane. Babanmu na dawowa daga aiki ta tare shi.

"In ba zan iya ɗiba ba, me nake yi a nan? Ka sa ni a mota in koma gida."

Na san Kaka ba ta faɗar magana sau biyu.

Babanmu ya ce a ba shi zuwa gobe. Ya ga yadda direbobin ofis ke zuƙo mai daga tanki da tiyo, sai ya sayo sabon tiyo fil. Ya tsoma baki ɗaya a randa, ya kafa nasa bakin a ɗayan, ya zuƙa da ƙarfinsa na mai waƙa a coci. Burukutu ta taho ba sallama, ta cika masa baki har ta hanci. Mamanmu ta riƙe ciki, ta jingina da bango tana dariya har da hawaye.

"Dattijo, yaya ka ji ta?"

"Ban haɗiye ba," in ji shi, yana tari.

Mu kuwa duk mun ga maƙogwaronsa ya motsa. Kaka ta ce tun yana goye yake gudun giyarta, yau dai ta ritsa shi. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ciwon, sai ranar.

Mamanmu ce ta tuno da famfon roban nan da masu kananzir ke juye mai da shi daga duro, mai jan kai da ake matsawa da hannu da tiyo biyu. Kaka ta ce ita za ta zaɓo da kanta. Muka tafi kasuwa, ina riƙe da gefen zanenta.

Mai shagon ya rataye su reras a igiya. Al'adarsa, duk wanda ya zo saye sai ya tsoma famfo a kananzir ya matsa don a ga yana ja. Yana miƙa hannu wajen duro Kaka ta daka masa tsawa. Ta bi famfunan ɗaya bayan ɗaya tana sunsunawa, tana yamutsa fuska tana turewa.

"Iya, ai na kananzir ne dukansu."

"Na ji, yaro. Ba ni wanda bai taɓa ganin kananzir ba."

Sai da ya shiga ciki ya kwance sabon ɗauri. Nan ma ba ta gama da shi ba. Ta sa ya kawo ruwa a bokiti. Mai taurin kai ta ƙi shi, don da hagu za ta riƙa matsawa. Mai gajeren tiyo ta ƙi shi, don ba zai kai cikin randa ba. Ta ɗaga wani sama ta leƙa ko rana na shiga ta wata huda. Da ta sami wanda ya yi mata, har ruwan da ya fito ta ɗanɗana. Mai shago ya share gumi ya ce ko amarya ake zaɓe sai haka.

Ranar farko famfo ya ba mu kunya. Burukutu ba kananzir ba ce, kauri gare ta. Ya ja kaɗan ya shaƙe da dusar da ta kwanta a gindin randa. Na dubi fuskar Kaka, ina jiran ta sake zancen mota. Sai na ga ta yago ƙyallen da take tace giya da shi, ta ɗaure bakin tiyon da shi, ta ɗaure tiyon a jikin karan dawa yadda ba zai taɓa ƙasa ba. Ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno, ta matsa. Fut, fut, fut. Sai ga giya tana gangarowa cikin jarka, ja-ja-ja da kumfarta, ba tsaki ko ɗaya. Na yi tsalle na yi guɗa irin ta yara, har jaririn gidanmu ya farka.

Tun daga ranar ta sa masa suna yarona. In an gama ta wanke shi da ruwan ɗumi, ta rataye shi kai ƙasa a inuwa, don rana na fasa roba. Masu zuwa ranar Asabar suka ce giyar ta fi ta da santsi. Ta ce to su gode wa yaronta, shi ba ya latti, ba ya tsegumi. Waɗannan shekarun su ne mafi daɗi a ƙuruciyata, ban ɓoye maka ba.

Sai shari'a ta zo. Muka ji a rediyo an hana giya. Babanmu yana ta neman ta inda zai fara yi mata maganar, Kaka ta riga shi. Ta ce garin mutane ne, sun riƙe mu da mutunci, ba ita za ta tayar musu da hankali ba. Ta sa aka tono randa aka kife ta, ta shiga ɗaki ta fara ninke zannuwanta. Na yi kuka har muryata ta dushe.

Akwai wata inna daga wajen Kiyawa da ke kawo mana dawa daga gonar mijinta. Shekara da shekaru ta san abin da ake yi da dawar, ba ta taɓa tambaya ba. Ta zo ta tarar da kaya a ɗaure.

"Haba Iya, ina kuma za ki? 'Yata ta haihu, ga suna a gaba. Mai hannun tsiro irin naki, in ta dama kunun zaƙi ai ko sukari ba ya so."

Kaka ta yarda, amma ta ce ba za ta shayar da 'yan suna da kayan da giya ta taɓa ba. Sabuwar randa ta sa aka sayo, da sabon famfo, mai shago kuma ya sake shan wahalarsa. Kunun ya tafi gidan suna, labarinsa ya riga jarkokin dawowa. Matan Limawa da ba su taɓa leƙa lungunmu ba suka fara sallama. Da azumi ya zo, tun la'asar yara ke jeruwa da kwanuka, ita kuma tana zaune tana matsawa tana zolayarsu.

Ta daɗe a haka. Da tsufa ya kwantar da ita, babanmu ya durƙusa kusa da tabarmarta ya ce ya samo mota, zai kai ta gida ta huta cikin danginta. Ta buɗe ido ta dube shi.

"Wane gidan kuma? Azumi ya kusa. Wa zai dama musu kunu?"

A Dutse muka binne ta. Matan unguwa suka cika gidanmu da gaisuwa har tsakar gida ta kasa ɗaukarsu.

Yanzu Limawa ta canza, an rushe gidan an yi shaguna, kunu ma a robobi ake sayar da shi daga firij. 'Ya'yana in sun cike takardar makaranta Filato suke rubutawa a gurbin jihar asali, ban hana su ba. Amma ranar da ƙaramar ta tambaye ni ina ne garinmu na ainihi, ban yi dogon tunani ba. Na ce mata inda kakata take kwance.