Shinkafar gwaggona a kan filin jirgi

Shekarun baya, kafin in koma tuƙin kamiyo, wato babbar motar kaya, na yi gadin wani ɗan filin jirgi a bayan garin Gaya. Jar ƙasa ce kawai, ba kwalta, ba shinge. Ƙaramin jirgi guda ke sauka a wurin, mai feshin tsuntsayen da ke cinye shinkafa a fadama. Aikina ɗaya ne: kada komai ya tsaya a kan filin, ko akuya ce.

Matuƙin jirgin mutumin kirki ne. In ya sauka, ƙarƙashin fiffike muke zama mu sha shayi, yana gyara mini Faransancina yana dariya.

Wata safiya ya tashi, ya ce sai la'asar zai dawo. Bai jima da tashi ba sai ga gwaggona, wadda ta rene ni, da mata uku da amalanke cike da shinkafa sabon yanka.

Ta ce, "Ɗana, ruwa ya taɓa ta. In ba ta sha rana yau ba, ta lalace. Ga fili yana zaman banza."

Na ce, "Gwaggo, an hana."

"Wa zai gani? Kafin azahar mun kwashe."

Ni da nake korar garken shanu da sanda, sai na kasa ce wa tsohuwa a'a. Har taya su shimfiɗa tabarmi na yi a tsakiyar filin.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji ƙarar jirgi, amma ba irin wadda na saba ba. Moter, wato injin, na tari, ya ɗauke, ya sake kamawa. Sai ga shi ƙasa-ƙasa ta saman giginyu, hayaƙi na bin sa. Na ruga ina kaɗa riga, ina ihu da Hausa da Dandanci. Matan suka watse. Gwaggo ba ta iya gudu. Tana nan duƙe, tana jan bakin tabarma.

Tayoyin sun taɓa ƙasa lokacin da matuƙin ya gan ta. Ya karkata hagu da ƙarfi. Jirgin ya ɗaga kan taya ɗaya, fiffike ya kafta ƙasa, daga nan ya ƙwace masa. Ya juya, ya faɗa kwazazzabon gefe, ya kife.

Muka jawo matuƙin cikin warin esansi, man jirgin, da maganin feshi, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Abin da ya fara cewa shi ne, "Tsohuwar fa?"

Na ce, "Lafiyarta lau, shef."

Ya lumshe ido.

Kafin jandarmomi su iso, matan sun kwashe shinkafar. Da jandarmomin suka tambaye shi, ya ce moter ne ya mutu, saukar ta zo masa da gardama. Bai ambaci tabarma ba, bai ko dube ni ba. Ni kuma na yi shiru. Aka wuce da shi Yamai, bai sake tuƙa jirgi ba.

Gwaggo har ta rasu tana sa "mai jirgi" cikin addu'arta. Ni kuwa na yi shekaru ina ratsa Yamai da kaya, na san unguwarsa, kullum ina cewa sai tafiya ta gaba. Na ɗauka kunya ce ke hana ni. Yanzu na gane tsoro ne, kuma neman gafara ba ya ƙara sauƙi don an jinkirta shi.

Bara na ji ya rasu. Ranar ce na fara taka gidansa. Matarsa ta amsa gaisuwata ta bayan labule, ta ce, "Malam, daga ina?"

Na ce, "Daga Gaya, Hajiya. Mun taɓa aiki tare."

Ta ce, "Allah sarki. Yana yawan yabon mutanen Gaya."

Na yi addu'a, na sa takalmina, na fito.