Malamar da ke duba allonta daga sahun ƙarshe

Ka taɓa ganin malamar jami'a tana haki a kan matakalar ajinta? Gyaran fanka ya kawo ni, ina kan tsani ina ƙirga kawuna: ɗalibai sun haura ɗari huɗu, allo ɗaya tak.

Gajera ce, tabarau a goshi, hannun rigarta duk farin alli. Ta rubuta jimla ɗaya, sai ta kama hawa har sahun ƙarshe. Ta zauna kusa da wani dogon saurayi, littafinsa fari fat, ga jarrabawa ta ƙarato.

"Ɗana, karanta min abin da na rubuta."

"Malama, daga nan dai tururuwa nake gani sun jeru."

Aji ya kwashe da dariya, ita ta fi kowa. Ta sauko ta goge, ta sake rubutawa, kowane harafi kamar tafin hannu. 'Yan baya suka karanta baki ɗaya, dogon nan kuwa bironsa sai gudu yake. Ina jin ita ma a can baya ta yi karatunta.

In kana da aji, don Allah gobe ka taka zuwa bayansa ka gwada karanta rubutunka.